Ciwon kyanda da rigakafinsa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni fili in yi wa iyaye magana kan allurar ƙyanda, don har yanzu wasu na cewa wai maganin me za a yi wa yaro lafiyarsa ƙalau. Ai abin da allurar ke yi shi ne ta kai wa sojojin jiki ƙwayar cutar da aka raunana, su gane kamanninta su haɗa makamin da ya dace da ita kaɗai, kuma wasunsu su riƙe ta a ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, ran da ta gaske ta shigo kafin ta yi ɓarna sun gama da ita. Shi ya sa wanda ya taɓa yin ƙyanda da wuya ya sake. Amma ƙyanda na makantar da yara, tana kisa. Yaro na cika wata 9 a kai shi asibiti.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano