Amsa ga ƙanena da ya tambayi dalilin nauyin sabarsa

Assalamu alaikum, ƙanena.

A zaman da matasanmu masu harkar kwamfuta suka yi a Agege ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni: me ya sa sabar shagonka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shagon a intanet, mai aiki da Linux, take nauyi kowace safiya, alhali ka sa ta tana share ma'adanar wucin gadi duk dare don ram ya samu sarari? Lokaci ya ƙure ban ba ka cikakkiyar amsa ba. To, sharewar nan ita ce matsalarka.

Ɗauki hanyar fayil guda: /var/www/shago/hotuna/riga.jpg. Kai kana ganin suna ɗaya, kenel kuwa, wato zuciyar Linux, zango biyar yake gani. Zai fara daga tushe, wato babbar foldar da ke ɗauke da sauran duka, ya nemi var, ya duba ko kana da izinin shiga, ya wuce www, haka har ya kai ga rigar. Da a kowane zango sai ya koma faifai ya tambaya, da an daɗe ana jira. Shi ya sa yake riƙe da wani kundi a cikin ram mai suna dcache, inda yake ajiye duk sunan da ya taɓa nema tare da foldar da ke ɗauke da shi. Har sunan da ya nema bai samu ba yana rubutawa. Kamar dillalin Computer Village ne a Ikeja: ka ce masa allon waya kaza kake so, ya san shagon da ke da shi a titin Otigba, ya kuma san waɗanda ba su da shi, ba zai wahalar da ƙafarsa ba. Umarnin sharewar nan, drop_caches, da kake bugawa da lamba 3 yana goge wannan sani, har da abin da aka riga aka karanto na cikin fayilolin. Gari na wayewa kwastomomi su yi caa a kan shagon, na'ura kuma ta koma tambayar faifai daga farko.

Kuma kada ka raina aikin da aka zuba a wurin. A da, kowane zango sai kenel ya kama makulli ya ƙara ƙidayar masu amfani da sunan. Da furosesa ɗaya ba damuwa. Da suka yi yawa sai cunkoso, domin kusan kowa ta tushe ɗaya yake bi, kowa yana son rubutu a wuri guda. A Linux 2.6.38, wanda ya fito a Maris 2011, aka shigar da aikin Nick Piggin da ake kira tafiyar RCU: kenel ya bi hanyar yana karantawa kawai, ba ya rubuta komai, yana dai lura da wata lamba da ke nuna ko an taɓa sunan yana tsaka da tafiya. In an taɓa, ko sunan ba ya cikin kundin, sai ya koma tsohuwar hanya mai nauyi. Wato kai da hannunka kake tura shi can kowace safiya.

Ram ɗin da kake gani a cike ba ɓata ya yi ba. In wata manhaja ta buƙata, kenel zai sake shi da kansa. Buga umarnin free ka duba wurin da ke nuna ram ɗin da za a iya samu. Gaskiya ne sunayen da ba a samu ba suna iya taruwa su yi yawa, amma wannan sai ka gani da idonka a slabtop, umarnin da ke nuna abin da kenel ya ajiye a ram, kafin ka ɗauki mataki.

Cire umarnin daren nan tukuna. In nauyin bai tafi ba, ɗora strace, mai nuna duk abin da manhaja ke nema a wurin kenel, a kan manhajar shagon ka ga sau nawa take neman fayil ɗaya, domin wasu manhajojin kan leƙa folda bayan folda kafin su dace. Batun vfs_cache_pressure, saitin da ke tsara yadda kenel ke rage kundin nan, da wani ya ambata a zauren kuwa, bar shi a 100 ɗinsa har sai ka auna.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka