Wasiƙa zuwa Yamai kan kiɗan na'ura

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya gida, ya iyali, ya zafin Yamai? Mu nan sai godiya.

A wasiƙarka ka tambaye ni me nake ji a cikin tsohon kiɗan Turawan nan na na'ura, har na kasa rabuwa da shi. Daren jiya da aka ɗauke wuta na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na sa abin ji a kunne, sai amsar ta zo mini.

Abin da ya kama ni shi ne sararin da ke cikinsa. Na'urorin farko, irin su Minimoog da ta fito a 1970, amo ɗaya tak suke fitarwa a lokaci guda, kamar sarewa. Dole makaɗi ya ɗora layi bisa layi, kowanne siriri, tsaf, kana iya bin sa da kunne tun daga tushe har ƙarshe. Kraftwerk na Jamus ne suka share hanya da faifansu Autobahn a 1974. Daga nan samarin Ingila suka ɗauka, har Gary Numan ya hau saman jerin waƙoƙin ƙasar a 1979. Yawancinsu ba su yi karatun kiɗa ba, 'ya'yan talakawa ne daga garuruwa irin su Sheffield, masu murɗa maɓalli har sai sun ji abin da ya kwanta musu.

Amma inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne Yazoo, ƙungiyar mutum biyu, a 1982. Vince Clarke, bayan ya bar ƙungiyar Depeche Mode, yana buga amo mai sanyi kamar ɗigon ruwa a kwano, ita kuma Alison Moyet ta ɗora muryarta mai kauri da ɗumi a kai. Na'urar ba ta sauri, ba ta jinkiri, ba ta numfashi, shi ya sa duk wata 'yar rawar murya take fitowa fili. Wallahi, tsigar jikina sai da ta tashi.

Ga wata alfarma. A nan Yamai ɗinku, a 1978, Mamman Sani ya naɗi kiɗansa na ogan ɗin lantarki mai kama da fiyano, wanda gidan rediyo da talabijin suka daɗe suna sawa tsakanin shirye-shirye. Don Allah ka tambayi dattawan unguwarku yadda suka ji shi a lokacin, ka rubuto mini.

A gaida madam da yara.

Naka har kullum.