Baba Rabaran, Mu Karɓi Buhun da Aka Kawo da Busa Ƙaho?

Baba Rabaran,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya aikin Ubangiji, yaya Mama da yara? Allah ya ƙara maka lafiya da basira a kan shirin da kake yi mana a rediyo.

Mu biyar ne muka haɗu a kan wannan wasiƙa, dattawa biyu da iyaye mata uku na Zumuntar Mata, waɗanda ke riƙe da hatsin gwauraye da marayu a wata majami'a a ƙasar Kaltungo, jihar Gombe. Mun ɓoye sunanta don kada maganar ta zama tonon asiri. Bari mu fara da yadda aikin yake, domin tambayarmu a cikinsa take.

Hatsin yana shigowa ne lokacin godiyar kaka, wajen Nuwamba zuwa Disamba: masara, dawa, wake, wani lokaci gyaɗa. Kowane buhu ana auna shi da mudu ɗaya a gaban mutum biyu, a rubuta a littafin shiga. Masarar da ba ta bushe sarai ba a sake shanya ta, domin ɗanshi kaɗan ya isa ya kawo funfuna cikin makonni. Wake kuwa sai buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje. A matse iska, a ɗaure kowace leda ita kaɗai, kada a buɗe sai ranar rabo. In bakin ya yi sako-sako ko ɓera ya huda, ƙwaro zai mayar da waken gari kafin damina. Buhuna suna hawa kan katako, nesa da bango, ɗakin kuma kwaɗo biyu ne, makullai a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba. Wannan ba zargin kowa ba ne. Bulus ma bai yarda ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba, kamar yadda 2 Korintiyawa 8:20-21 ta nuna.

Ga lissafin. A ce shekara ta yi kyau an tara buhu 30, kowane buhu mudu 80 a ma'auninmu. Mudu 2,400 ke nan. In gidaje 60 ne a takarda, kowane gida ya tashi da mudu 40. Gidan da ke da baki biyar yakan ci kusan mudu biyu a yini, wato abincin kwana 20. Kwana 20 ba abin a zo a gani ba ne a watan Disamba, lokacin da ko gwauruwa tana da ɗan abin da ta girbe. Amma a Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, farashi ya hau a kasuwa, ga zazzaɓin sauro a kan yara, kwana 20 ɗin nan su ne tsakanin uwa da cin bashi a kan gonar da ba ta girbe ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Fiye da rabin buhunan daga hannun mutum uku ko huɗu suke fitowa, masu hali, yawancinsu mazauna Gombe ko Abuja da ke dawowa gida hutun Kirsimeti. Kuma kyautar tana zuwa da sharaɗi, ko da ba a furta shi da baki ba. A karanta suna da adadin buhu daga kan bagade. A yi rabon a makon Kirsimeti, lokacin da majami'a ta cika maƙil. A jera gwauraye a gaba, kowace da ƙullinta, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Baba, da ka ga yadda tsohuwa take jan gyalenta ta rufe rabin fuska, ƙwaryarta a hannu, tana kallon ƙasa har a gama tafi. Akwai matan da suka fi kowa buƙata amma ba sa zuwa, sun gwammace su kwana da yunwa da a nuna wa duniya talaucinsu, surukansu da 'ya'yansu da ke makaranta suna gani a waya.

Hanyar gyara mun san ta. A daina kiran suna, a faɗi jimilla kawai. A ajiye hatsin sai tsakiyar damina, a raba sau biyu. Mata biyu su kai wa kowace gwauruwa gidanta da almuru, ta dangwala yatsa a littafi, babu hoto. A tsara takardar bisa buƙata ta gaskiya, domin 1 Timoti 5 ta bambanta gwauruwar da ba ta da kowa da wadda ke da 'ya'ya ko jikokin da za su iya riƙe ta. Amma duk wanda ya taɓa riƙe wannan aiki ya san abin da ke biyo baya: in babu suna, manyan buhuna sukan ja baya. Buhu 30 ya koma 12, mudu 40 ya koma 16, kwana 20 ya koma takwas. Mai bayarwa ba ya rasa komai, gwauruwa ce ke biyan kuɗin tsarkin namu.

Shi ya sa kanmu ya rabu, kuma kowane ɓangare da ayarsa a hannu.

Wasunmu suna tsaye a kan Matiyu 6:1-4. Yesu ya hana busa ƙaho wajen ba da sadaka, ya kira masu yin haka munafukai, ya ce sun riga sun karɓi ladansu, kada ma hannun hagu ya san abin da na dama ke yi. In haka ne, ashe duk ranar da muka miƙa wa mutum lasifika, mu ne muke riƙe masa ƙahon, muna taya shi cinye ladansa tun a duniya. Ga kuma Yakubu 2:1-4 da ta tsawata a kan ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a bar matalauci a tsaye. Mu kam, mai buhu goma a gaba yake zama, ita kuwa wadda ta kawo mudu biyu daga cikin abin da ba zai kai ta damina ba, irin gwauruwar Markus 12:41-44, ba wanda ya san da ita sai littafinmu.

Sauran kuma suna tsaye a kan Matiyu 25:31-46, kuma maganarsu tana hana mu barci. A ranar da za a ware tumaki dama, awaki hagu, abubuwa shida aka lissafa: yunwa, ƙishirwa, baƙunci, rashin sutura, ciwo, kurkuku. Waɗanda aka kora hagu ba a ce sun yi sata ko kisa ba. Laifinsu shi ne sun ga mayunwaci ba su ciyar ba. In muka mayar da buhu 18 don gudun riyar wani, yaro ya kwana da yunwa a Agusta, wace amsa za mu bayar? Suna ƙara da cewa Bulus, a Filibiyawa 1:15-18, ya yi farin ciki da wa'azin da wasu ke yi saboda kishi da son kai, tunda dai ana shelar Almasihu. Sunan Barnaba ma an rubuta shi a Ayyukan Manzanni 4 da gonar da ya sayar, ba a ɓoye ba, kuma abin da ya kashe Hananiya da Safiratu a sura ta 5 ƙarya ce, ba bayyana kyauta ba. Ballantana 1 Korintiyawa 4:5 ta ce kada mu yanke hukunci tun lokaci bai yi ba, Ubangiji ne zai tone nufin zukata. Wa ya ba mu ma'aunin zuciyar mutum? Wani yana son a kira sunansa ne don ƙannensa su yi koyi.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A cikin masu kawo manyan buhuna akan sami wanda kowa a gari ya san yana riƙe kuɗin 'yan ƙwadagon da suka yi masa noma da girbi, wasu ma daga cikinsu 'ya'yan gwaurayen nan ne. Yakubu 5:4 ta ce hakkin masu girbi da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Wato hatsin da uwa ke karɓa tana durƙusawa tana godiya, wataƙila guminta ne da na ɗanta aka dawo mata da shi da sunan alheri. Wannan kam ba batun karanta zuciya ba ne, abu ne a fili. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: da zarar buhunsa ya shiga ɗakin ajiya, bakin dattawa yakan yi nauyi, Matiyu 18:15-17 da ta ce a fara samun ɗan'uwa a keɓe ta zama ayar karatu kawai. A ganinmu, shirun nan shi ne munafunci mafi muni a cikin maganar gaba ɗaya, kuma a wuyan masu riƙe da makulli yake, ba a wuyan mai kyauta kaɗai ba. Mun san ceto ta wurin alheri ne, ba ta ayyuka ba, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta koyar. Amma Matiyu 7:21-23 tana magana ne da masu hidima da sunan Ubangiji, irinmu, ba da mutanen waje ba.

Don haka, Baba, muna roƙon ka warware mana. Akwai tsakiya da Littafi Mai Tsarki ya yarda da ita, misali a gode wa masu bayarwa a taron godiya amma a hana hoton gwauraye a kuma ɗage rabo zuwa damina, ko wannan ma rabin ƙaho ne? Shi kuma mai danne hakkin 'yan ƙwadago, a karɓi hatsinsa sannan a je masa da magana, ko a ce ya fara biyan mutane kafin buhunsa ya tsallaka ƙofa, bisa Matiyu 5:23-24? In ya yi fushi ya janye, wa ke ɗauke da alhakin yunwar da za ta biyo baya a gaban Allah, shi ko mu? Kuma su gwaurayen, ya dace a tara su a keɓe a tambaye su wanne suka zaɓa, tunda fuskarsu ce da cikinsu ake magana a kai?

Majalisar dattawa za ta zauna kafin godiyar kakar bana, kuma ana jiran mu kawo matsaya ɗaya. Muna roƙo ka amsa mana kafin lokacin, ka kuma sa mu cikin addu'a.

'Ya'yanka cikin Ubangiji,
Masu riƙon hatsin gwauraye da marayu,
Ƙasar Kaltungo, jihar Gombe.