A yi lissafi kafin a yanka ƙarfen injin niƙa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a jaridarka mu yi magana da masu ƙera injinan niƙa da barza, da kuma masu ba su aiki. Duk wanda ya zaga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san akwai masu hannu a ƙasar nan. Sai dai sau da yawa za ka ga inji ya fito tsaf, fenti na sheƙi, amma kafin wata biyu ya fara cin bel, boris na zafi, daga baya shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin boris, ya karye. Mai inji ya ce maƙeri ya cuce shi, maƙeri ya ce ƙarfen zamani ne ba shi da kyau. Idan aka bi diddigi, yawanci wani ɗan lissafi ne na minti goma aka tsallake tun kafin a fara yanka.

Abu na farko shi ne gudu. Moton lantarki da aka fi samu a kasuwa yana juyi kusan 1,450 a minti, akwai kuma mai 2,900. Injin dizal mai silinda ɗaya irin na China yakan yi wajen 2,200, ƙaramin injin fetur yana kai 3,600, tsohon injin dizal na Lister kuwa 650 ne kawai. Shi injin niƙa mai guduma yana son bakin gudumarsa ya riƙa gudun mita 70 zuwa sama a daƙiƙa ɗaya. In faɗin abin da ke juyawa a ciki santimita 40 ne, ana bukatar juyi kusan 3,300 ke nan. Ƙa'idar fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a kai, ɗaya ce: faɗin fulin mai ja sau gudunsa daidai yake da faɗin fulin da ake ja sau nasa gudun. Saboda haka dizal mai 2,200 da fuli santimita 21, idan aka haɗa shi da fuli santimita 14, zai ba da 3,300 cif. Wani zai ce 15 da 10 ma ai amsar ɗaya ce, kuma sun fi araha. Haka ne a takarda. Amma bel mai lamba B ba ya son fulin da ya gaza santimita 12 da rabi, domin lanƙwasar ta yi masa tsanani, sai ya yi zafi ya tsattsage ta ciki, ga kuma sulɓi.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen sauya abin da ke jan injin ba tare da an taɓa fuli ba. A cire dizal ɗin nan a ɗora moto mai 1,450, gudu ya faɗo 2,175, gari ya ƙi fita, a ce moton ne ba shi da ƙarfi. Mafi hatsari shi ne a maye moto mai 1,450 da mai 2,900: gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke fizgar gudumomi waje kuwa ya ninka huɗu. Lambar gudun tana nan rubuce a ɗan farantin da ke jikin moto, a karanta ta.

Sai shaf. Rodin gini ba shi da gurbi a nan ko kaɗan. A nemi ƙarfe mai lamba C45 ko EN8, a kai wa tana, wato mai injin fere ƙarfe, ya fere shi daidai da ramin boris, a kuma gaya masa duk inda kauri ya sauya ya bar ɗan lanƙwasa a kusurwar, kada ya yanka ta da kaifi. Daga irin wannan kusurwa tsagewa take farawa. In shaf ya karye a duba bakin karayar: wani sashe sumul mai layi-layi, wani sashe kaushi. Sumul ɗin tsagewa ce da ta daɗe tana cin ƙarfen a hankali, kaushin kuma abin da ya rage ne ya ɓalle a rana ɗaya. Wannan ba laifin buhun da aka zuba a ranar ba ne.

Kada a yi wa fuli walda a jikin shaf, ko da mai inji yana gaggawa. Zafin walda yana gurɓata shaf, yana sa gefen waldar ya yi tauri ya riƙa tsagewa, musamman in an yi amfani da tsohon shaf na ƙafar mota, kuma ranar da boris ya mutu sai an yanka kafin a fitar da shi. A maimakon walda, a yanka gurbin ki, wato ɗan guntun ƙarfen da ke kulle fuli a jikin shaf. Shaf mai milimita 35 yana ɗaukar ki mai milimita 10 da 8. Fulin kuma ya zauna kusa da boris gwargwadon iko, domin duk nisan da ya ƙaru, jan bel yana ƙara lanƙwasa shaf a kowane juyi.

Lambar boris tana faɗin girman raminsa: a ninka lambobi biyu na ƙarshe sau biyar. Boris mai lamba UCP 206 milimita 30 ne, 207 kuma 35, 208 kuwa 40. Idan shaf ya yi wa boris sako-sako, sassara shaf ɗin da fanc, wato ƙarfe mai tsini da ake bugawa, don ya kama dabara ce ta kwana kaɗan. Giris ma ana wuce gona da iri. Cika gidan boris maƙil yana jawo zafi, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ya isa, kuma a goge bakin da ake ɗura shi tukuna, don ƙurar gari da ta harmatan in ta shiga giris sai ta riƙa cin ƙwallayen.

Yanzu ga abin da muke ganin an fi rainawa, wato daidaita nauyin gudumomi. Yanka su daga tsohon sifirin mota ba laifi, ƙarfe ne mai jure goga. Amma idan guduma ɗaya ta fi wadda ke fuskantarta da giram 10 kacal, a nisan santimita 20 daga tsakiya, a gudun 3,300, wannan ɗan bambanci yana zama kamar nauyin kilo 24 da ke fizgar boris sau 55 a kowace daƙiƙa. Shi ne girgizar da ke kwance noti, ta tsaga waldar ƙafafu, ta farfasa simintin ƙasa. Maganinsa sikelin dijital ƙarami irin na masu awon kaya: a auna kowace guduma, a haɗa masu nauyi ɗaya su fuskanci juna. In bakinsu ya cinye a juya su gaba ɗaya a rana ɗaya, in ɗaya ta karye a sauya ta da abokiyarta.

Bel kuwa a ɗora dogon ƙarfe miƙaƙƙe ko a ja zare a fuskar fuli biyun a tabbatar suna layi ɗaya. A danna tsakiyar bel ɗin da yatsa, ya nutsa kusan milimita 16 a kowace mita ɗaya ta tazarar da ke tsakanin fuli biyun. Sabon bel yana saki, a sake ɗaure shi bayan aikin yini ɗaya ko biyu. Inda bel biyu ko uku ne, a sauya su tare. Kusoshin da ke riƙe boris da moto su zama masu lambar ƙarfi 8.8 a kansu.

Abu biyu sun shafi lafiyar jama'a kai tsaye. A sa maganaɗisu mai ƙarfi a bakin mazubi ya tare ƙusa da guntun waya, kuma kada a yi fenti a cikin inda gari ke bi. Na biyu, murfin bel da fuli. Mu da muke aiki da babbar riga, mata ke kawo niƙa da hijabi da gyale, yara ake aika da kwano, bai kamata inji ya bar shago bel ɗinsa a buɗe ba. Mai cire murfi don wai yana hana shi saurin gyara ya sa masa hinji.

Su ma masu ba da aiki suna da nasu kason. "Yi mini irin na wane" ba ciniki ba ne. A rubuta a takarda, da shaidu: wane hatsi za a niƙa, buhu nawa a awa, girman ramin rariya, wane moto ko inji ne zai ja, kaurin farantin ƙarfe, lambar boris da ta bel. A sayi moton tun farko a kai wa maƙeri ya auna ƙafafunsa da shaf ɗinsa kafin ya haɗa gindin. Kuɗi a raba shi uku: na kayan aiki, na bayan an ga an haɗa kafin fenti ya rufe walda, sai cikon bayan gwaji. Gwajin ya zama da busasshen hatsi na gaske, aƙalla awa biyu ba tsayawa, a taɓa gidan boris a ji, a duba noti, a auna garin da ya fita. Tunda farashin ƙarfe ba ya zama wuri ɗaya, a rubuta kwana nawa farashin da aka yanka zai tsaya. Kuma a ba da aikin tun damina, domin injin da aka matsa wa maƙeri ya gama ana tsakiyar kaka shi ne ake tsallake masa awon gudumomi.

Maƙeri kuma ya ajiye littafi ya zana kowane inji da awonsa, don ranar da aka dawo neman shaf ko rariya ya yanka daidai ba sai an ɗauko injin daga ƙauye ba. Muna kira ga cibiyar injinan noma ta ƙasa (NCAM) da ke Ilorin da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, tare da kwalejojin fasaha na jihohi, su buga irin waɗannan ƙa'idoji da Hausa a 'yar takarda mai shafi biyu, da jadawalin fuli da na boris, a raba wa ƙungiyoyin masu walda.

Mun gode.

Wasu injiniyoyi da malaman koyar da ƙira,
Kaduna