Baƙonku na daren Talata ya manta da mu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirin nan naku na daren Talata tun daga sallama har rufewa, kuma wallahi na kwana da ɓacin rai. Da baƙon naku ya ce a koya wa yaran lakwal tarihin ƙaura, sai na gyara zama. Amma awa guda cur bai bar bakin teku ba: kwale-kwale, Italiya, baƙin haure, baƙin haure. Sai ka ce ɗan Damagaram bai taɓa ɗaure kayansa ya fita bida ba sai da Turawa suka ƙirƙiro biza.

Ga abin da ya sa maganar ta taɓa ni. Ina da jika a kwaleji. Bara malaminsu ya ce duk mai ɗan'uwa a ƙasar waje ya ɗaga hannu, ita ba ta ɗaga ba. Alhali ubanta shekararsa huɗu a Sabha ta Libiya yana ɗaukar bulo, shi ke aiko kuɗin littafinta da takalmin da ke ƙafarta. Da na tambaye ta dalili, sai ta sunkuya tana murza bakin hijabinta, ta ce: "Kaka, ai an ce masu tafiyar nan baƙin haure ne." Yarinya tana jin kunyar gumin ubanta! Irin darasin da baƙonku yake so a ƙara ke nan?

Ni ɗan cin rani ne, ban ɓoye ba. Ina Agege ina gadi a watan Janairun 1983 lokacin da gwamnatin Shagari ta ba baƙi mako biyu su tattara. Yau ƴan Gana kaɗai ake tunawa saboda jakar nan mai ratsi-ratsi, to mu ma da mu aka kora. Na dawo a saman babbar mota, rediyo a cinya, tabarma a hammata, muka bi Kano, Daura, muka shigo ta Ɗan Barto. Albashin wata biyu na bari wurin maigida, har gobe. Mahaifina kuwa Kumasi ya yi, yana harkar goro, sai da Busiya, Firaministan Gana, ya kori baƙi a 1969 ya dawo. Ƙanen kakana ya tafi Hajji a ƙasa ta Cadi, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noma, ya yi aure, zuriyarsa na can wajen Mai Wurno. Gida ɗaya ke nan fa. Ku shiga kowane zaure a Birni ko Garin Malam, za ku ji wanda ya fi nawa.

Shi garin Damagaram ma wa ya gina shi? Gidan sarauta daga wajen Barno asalinsa yake. Unguwar Zongo sunanta kaɗai ya ishi mai hankali, masaukin ayari ce, nan Buzaye ke durƙusar da raƙuma. A zamanin Sarki Tanimu fatu da gashin jimina suna keta Sahara har Tarabulus, bindigogi suna shigowa, Larabawan Gadamas na zaune da shagunansu a nan. Da bayi ma a cikin ayarin, kada a ɓoye wa yara wannan, su ma ƙaura aka yi da su ba da sonsu ba. Duk wannan bai isa darasi ɗaya ba, sai jirgin ruwan Bature?

Ban ce a rufe ɓarnar hanya ba. Watan Oktoban 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe a hamada kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, mutanen Kance ne, nan kusa da mu. A faɗa wa yara. Amma a faɗa musu abin da ke fitar da uwa da goyo daga ɗakinta: gona ta tsuke, ƙasa ta gaji, geron rumbu ba ya kai bazara. A faɗa musu me ya sa tsofaffi ke kiran yunwar 1984 da sunan El-Buhari, shekarar da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya da Buhari ya yi. Dokar nan ta Nijar ta 2015 mai hana safarar masu ƙaura, da baƙonku ya yi ta yabo, ko ya san an soke ta a Nuwamban 2023? Bai ambata ba ko sau ɗaya.

In za ku sake shirin, ku bar masu takardu su huta, ku ɗauki na'urarku ku zo tasha ko kasuwar Dole ranar Alhamis. Tsofaffi irina sun cika gari, kuma kullum raguwa muke.

Sannan wannan layin wayar naku. Sau shida na kira a daren, yana ta ƙara ba mai ɗauka, amma mutum uku ɗin nan da kuka saba, kowane mako suna samun shiga har da gaishe-gaishen surukai. Haba! Shi ya sa na sa jikar tawa ta buga mini wannan a wayarta, kuma ta ce za ta kunna rediyo ta ji ko za ku karanta.

Naku,
Wani tsohon ɗan cin rani,
Zongo, Damagaram