Wanda Ya Yi Maka Tsawa Ya Fi Mai Haƙa Maka Rami

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in amayar da wata gardama da muka kwana biyu muna tafkawa da abokan aikina masu koyar da rubuta manhaja a nan Zariya. Su dai sun kafe cewa abin da ya fi ɗaure wa ɗalibi kai shi ne tazarar farkon layi a harshen rubuta manhaja na Python, wadda in ka kuskure ta manhaja ta ƙi tashi. Ni ban yarda ba, a ganina harshen JavaScript da ke yin shiru a kan ɓarna ya fi ɗaure kai. Ai Python nuna maka layin da ka yi ɓarna take yi, ka gyara ka wuce.

Makon jiya wata ɗalibata ta rubuta wa mahaifiyarta 'yar manhajar lissafin adashi da JavaScript. Ta shigar da zubin farko 5000, na biyu 200, sai jimilla ta fito 5000200. Ba gargaɗi, ba komai. Yarinyar nan har da hawayenta, tana cewa, "Malam, ko dai kaina ne ba ya ja?" Alhali duk abin da aka shigar a akwatin shafi, rubutu JavaScript take ɗaukarsa, alamar + kuwa in ta ci karo da rubutu sai ta liƙa su wuri guda. Abin takaicin, da ragewa ta yi, da 4800 za ta samu cif. Yaya zan fahimtar da mai wata biyu da farawa cewa tarawa da ragewa ba uwa ɗaya ta haife su ba?

Haka alamar == ta kwatanta abu biyu, wadda za ta rantse maka cewa 0 da rubutun da babu komai a cikinsa abu ɗaya ne. Ga === nan tana aikin tsakani da Allah, to mene ne amfanin waccan?

Na san Brendan Eich cikin kwana 10 ya haɗa harshen JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, kuma aikin gaggawa ba ya rasa tabo. Na kuma san in aka cire waɗannan abubuwa yau, tsofaffin shafukan intanet za su lalace. Shi ya sa a ajina na haramta == gaba ɗaya, duk wanda ya rubuta ta maki biyu ne ya tafi.

Ɗalibar ta gyara nata da Number(), mai mayar da rubutu lamba. Hajiya dai ta ce a bar ta da littafinta da biro.

Naku,
Wani malamin kwamfuta, Zariya.