Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu Kan Samar Da Filin Karatu A Talabijin

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera,
Ta hannun Sakataren Majalisar Masarauta,
Fadar Sarkin Kabi, Argungu, Jihar Kebbi.

Daga wasu iyayen yara, malaman boko da na Islamiyya, masu gidajen kallo da manoman fadama na ƙasashen Argungu, Augie, Arewa da Dandi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, magajin Kanta, jikan Nabame. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasar Kabi lafiya. Bayan gaisuwa irin ta 'ya'ya ga uba, mu talakawanka mun zo da kuka guda ɗaya, kuma mun zo da rabin maganinsa a hannu. Muna roƙon Mai Martaba ya shige mana gaba a sami fili tsayayye na karatu a gidajen talabijin da rediyo na gwamnati da ke wannan jiha, fili mai rana da lokaci sananne, wanda jama'ar masarauta za su riƙa ɗaukar nauyinsa da aljihunsu a ƙarƙashin inuwar fada.

Sarki ya fi mu sanin yadda gari ya koma. Daga Gulma zuwa Kangiwa, daga Bayawa zuwa Kamba, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga farantin tauraron ɗan'adam bisa rufi ba. Inda babu wutar lantarki akwai sola ko janareta, inda babu akwatin talabijin akwai waya. Yaron da bai iya haɗa baƙi da wasali ba zai lissafa maka 'yan wasan ƙungiyar ƙwallo ta Ingila tun daga mai tsaron gida har masu zaman benci, kuma ba zai yi kuskure ba. Wannan ya isa shaida cewa ƙwaƙwalwar lafiya lau take, abin da aka zuba mata shi ta riƙe. Ba mu zo neman a hana kallo ba. Da yawa daga masu wannan takarda da gidan kallo suke ciyar da iyali. Abin da ke damunmu shi ne, cikin duk abin da ke shigowa gidajenmu dare da rana, babu sa'a guda da aka keɓe don ɗan Kabi ya koyi karatu da lissafi da harshen da yake mafarki da shi.

Ba kuma ƙarar ma'aikatan gidajen watsa labarai muka kawo ba. Muna da gidan talabijin na jiha da gidan rediyon jiha a Birnin Kebbi, ga kuma tashar NTA, kuma a cikinsu akwai 'ya'yanmu masu basira. Amma kowa ya san injin watsa shiri mai yake ci, kyamara kuɗi ce, fita ƙauye ɗaukar shiri kuɗi ne. Saboda haka fili na wanda ya saya ne. Mai bikin naɗi ya saya, mai tallan magani ya saya, ɗan siyasa ya saya ya ƙara. Ɗan aji uku na firamare ba shi da abin sayen ko minti ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa tsaya masa a ƙofar ofishin talla.

Alhali tun asali da sunan ilimi aka kawo talabijin ƙasar nan. Lokacin da gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Awolowo ta buɗe tashar Ibadan a 1959, babbar hujjarta ita ce akwatin zai zama malami. Gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Kaduna a 1962, sannan a 1977 aka haɗe tashoshin ƙasa a ƙarƙashin NTA. Dattawanmu da suka yi makaranta a wancan zamani suna tuna darasin da ake saka wa 'yan aji ta rediyo. Ba sabon abu muke ƙirƙira ba, tsohon alkawari muke tuni.

Ranka shi daɗe, ga inda muka ga mafita. Mutanen ƙasar nan sun daɗe da sanin ɗaukar nauyin shiri. Da an ga watan azumi, attajirai da 'yan kasuwa da masu riƙe da muƙami suna rige-rigen biyan kuɗin tafsiri a rediyo da talabijin, har wani ya rasa fili ya koma yana jin haushi. Babu doka da ta tilasta musu, babu mai karɓar haraji da ya bi su gida. Sun yi ne don sun gamsu cewa akwai lada, kuma sun ga manya suna yi. Allah ya karɓa musu. To me zai hana a nuna musu cewa wanda ya biya kuɗin rabin sa'a da yara dubbai za su koyi karatu shi ma sadaka mai gudana ya yi? Mun tattauna da malamanmu na Islamiyya da ke cikin wannan tafiya, babu wanda ya yi jayayya a kan haka. Matsalar ita ce idan malamin firamare ya je ƙofar alhaji da wannan magana, za a ba shi na mota a sallame shi. Idan daga fada ta fito, alhajin da kansa zai zo yana tambayar wata nawa za a bar masa.

Kuma ba attajirai kaɗai ba. Manoman da ke cikinmu sun ce a kakar rani da ta damina kowace ƙungiyar manoma za ta iya ware buhun shanshera, ƙaramin manomi ya ba da tiya. Jihar da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a cikinta a 2015, jihar da ke da babban injin casar shinkafa a nan cikin Argungu, bai kamata a ce ta gaza biyan 'yan sa'o'i a mako ba. Masunta da 'yan tireda da direbobi da mahauta duk suna da sarakunan sana'a da ke amsa kiran fada.

Wasu daga cikinmu da suka yi karatu sun ba mu labarin yadda ake yi a waje. A Ingila kowane gida mai kallon talabijin na biyan kuɗin lasisi duk shekara, da shi BBC ke rayuwa. A Amurka kuwa tashoshin PBS, waɗanda aka san su da shirye-shiryen koyar da yara, suna fitowa fili su roƙi masu kallo gudunmawa, kowa ya ba da daidai ƙarfinsa. A 2025 majalisar dokokin ƙasar ta janye sama da dala biliyan ɗaya da aka ware wa irin waɗannan tashoshi na rediyo da talabijin, kuma ƙananan tashoshin karkara ne suka fi jin jiki. Idan a Amurka gwamnati za ta iya zare hannu dare ɗaya, mu ma gara mu kafa namu a kan ƙafar jama'a tun farko, abin da gwamnati ta ƙara ya zama riba.

Akwai wata magana da ba kowa ya sani ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Muna faɗa da babbar murya cewa ba mu neman a ɗora wa talaka sabon haraji, wanda yake kansa ma ya ishe shi. Amma muna roƙon Mai Martaba ya tambayi shugabannin ƙananan hukumominmu huɗu ko ana karɓar wani abu da wannan suna daga shaguna da gidajen kallo da otal. Idan ana karɓa, babu inda ya fi dacewa ya tafi kamar wannan fili.

Dalilin da ya sa muka nufo wannan fada ba wata ba, mun ga abin da ya faru da cutar shan inna. Shekaru aka yi ma'aikatan lafiya na bin gida-gida ana rufe musu ƙofa. Sai da sarakuna suka shiga, hakimi ya kira dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, aka ga Sarki ya ɗiga wa yaro maganin da hannunsa, sannan ƙofofi suka buɗe, har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da ƙwayar shan inna irin ta asali. Mai Martaba ne ke jagorantar kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, don haka ya san hanyar ciki da bai. Ita muke roƙon a sake bi.

Game da abin da za a koyar, malaman cikinmu sun fi nauyaya karatun farko: baƙi da wasali, haɗa kalma, ƙidaya, tarawa da ɗebewa, da Hausa tsantsa, a hankali, ana maimaitawa. Nan ne gini ke rushewa. Yaro ya kai aji shida ba ya iya karanta wasiƙa, sai a tura shi sakandare da fatan Allah ya sa a dace. Sai darasin Turanci da lissafi da kimiyya ga masu shirin WAEC da NECO, da nuna wa yara yadda ake amsa tambaya a kwamfuta, tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kuma har yau akwai ɗan ƙauyen da ranar jarrabawa ce ranar da ya fara taɓa ta. Malaman da za su yi wannan ba sai an ɗauko su daga Abuja ba. Ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a nan gida, ga jami'a a Aliero, ga ta tarayya a Birnin Kebbi. Muna kuma roƙon kada a manta da 'yan uwanmu masu jin Zabarmanci da Dandanci da Fulatanci.

Manoma sun ce su ma 'yan makaranta ne. Ambaliyar 2020 ta cinye shinkafar fadama ana dab da girbi, kuma har gobe akwai gidajen da ba su gama farfaɗowa ba. Suna son a riƙa fassara musu hasashen damina da hukumar yanayi ke fitarwa duk shekara, a kuma sanar da su da wuri idan za a saki ruwan madatsar Goronyo ko ta Bakolori, da yadda ake fesa maganin ƙwari ba tare da mutum ya kashe kansa ko kifin gulbi ba. Tarihi kuma, Allah ya ba Sarki nasara, abin kunya ne a ce baƙo daga Turai ya san kufan Surame da Gidan Tarihi na Kanta, ya san cewa ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ce mafarin bikin kamun kifi a yadda aka san shi yau, ya san UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016, amma ɗan da aka haifa a bakin Matan Fada bai sani ba. A zaunar da Sarkin Ruwa da dattawan fada gaban kyamara tun suna raye.

Mun san za a ce ai talaka ba shi da wuta, kuma gaskiya ne. Shi ya sa masu gidajen kallo da ke cikinmu suka yi alkawarin buɗe ƙofa kyauta da hantsi, lokacin da babu wasa, idan asusu zai ɗauki kuɗin mai. Amma ba za mu tura 'ya'yanmu mata gidan kallon ƙwallo ba, kuma su ne suka fi buƙata. Muna roƙon a umurci hakimai da dagatai su ba da zaure ko ɗaki a gidajensu, a sa akwati mai sola, wata dattijuwa ta kula, matan aure ma su samu shiga. Wannan yanki ya san tsarin 'yan taru na Nana Asma'u, inda malamai mata da ake kira jaji ke kai karatu har cikin gida, don haka babu wanda zai ce baƙon abu ne. Kowane darasi kuma a maimaita shi a rediyo, a bar masu tura fina-finai a waya su riƙa tura shi kyauta, kada wani ya ce haƙƙin mallaka. Lokacin saka shirin kuwa a bar wa malaman allo da na Islamiyya su zaɓa, don kada a ci karo da karatun Alƙur'ani. Su da kansu sun nuna cewa Alhamis da Juma'a almajirai na hutu.

Ba mu ce akwati zai maye gurbin malami ba, kuma ba mu yarda wani ya fake da wannan shiri ya bar aji ba rufi ko malami ba albashi ba. Amma makaranta na rufuwa. An rufe watanni a 2020 saboda korona. A azumin 2025 Kebbi na cikin jihohin da suka ba da hutun makonni, tare da Kano da Katsina da Bauchi. Ga kuma garuruwan da rashin tsaro ya sa iyaye ke tsoron tura yara nesa, musamman bayan harin da 'yan bindiga suka kai wa mutanen garin Mera a ƙarshen 2024, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A duk irin wannan lokaci ɗan mai hali na da malamin gida, ɗan talaka sai talla da yawo.

Sai maganar kuɗi, inda irin wannan tafiya ta saba mutuwa. Muna roƙon asusun ya zauna a hannun amintattu da fada za ta zaɓa, da mace aƙalla ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a cikin shirin kansa duk ƙarshen wata. A ambaci sunan mai ɗaukar nauyi sau ɗaya a yi masa addu'a, shi ke nan. Kada a sa hoton ɗan takara, kada a sa waƙar jam'iyya, ko da shi ya biya shekara guda cur. Duk ranar da aka bar siyasa ta shiga, rabin iyaye za su kashe akwatin.

Tun da gidajen talabijin da rediyon jiha na gwamnati ne, muna roƙon Mai Martaba ya kai maganar Majalisar Sarakunan Jiha a ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Gwandu, daga nan ta isa ga Mai Girma Gwamna Nasir Idris, Kauran Gwandu. Malamin makaranta ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin da muke nema wurinsa shi ne rangwamen kuɗin fili, da umurnin cewa kada a ɗage darasin yara don an sami taron da ya fi kawo kuɗi.

Muna roƙon Sarki ya sa mana ranar da wakilanmu za su zo su faɗi gaisuwa, su gabatar da sunayen malaman da suka yarda su koyar kyauta a zangon farko, da jerin gidajen kallo da zaurukan da aka riga aka yi mana alkawari. Sa hannu da dangwalen masu koke na nan a takardun da ke manne, gunduma-gunduma.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani, ya ja zamaninsa.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
A madadin iyayen yara, malamai, masu gidajen kallo da manoman masarautar Argungu.